Babur ɗin da Ya Fita ta Kan Katanga

A wajen 'yan gwangwan da ke bayan Tukur-Tukur na gan shi, kwance a gefe guda tsakanin wata matacciyar firji da tarin rodi. Irin tsofaffin baburan tseren nan ne masu dogon tanki da salansa biyu, waɗanda muna yara in ɗaya ya wuce sai mu bi shi da gudu har ƙararsa ta ɓace. Wannan kam ya sha wuya. Tayar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ƙashin bayansa ya karye ya dunƙule, fitila babu. Mai wurin ya ce da kwalbati ya yi karo, mai shi ya tsira da karayar hannu, ya kuma rantse ko keke ba zai sake hawa ba.

Ni malamin makaranta ne, ban taɓa riƙe sifana da sunan aiki ba. Amma na saya. A kura aka turo mini shi gida, inji daban, gangar jiki daban, sauran tarkace a buhu.

Gidanmu na gado ne, can cikin lungu kusa da Ƙofar Kuyambana. Kafin ka kai tsakar gida sai ka wuce zaure, ka karya kwana a wani siririn soro, ka sake karya wata. Haka muka shiga da kayan ɗaya bayan ɗaya, na jibge su a rumfar da ke gaban ɗakina. Matata ta leƙo, ta dube su, ta dube ni.

"Malam, wannan fa?"

"Babur ne."

"To, Allah Ya ba shi lafiya," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

Wanda ya fi kowa jin daɗin abin shi ne ɗan kawuna, taubashina, tela ne mai shago a bakin lungunmu. Kullum in ya rufe shago da yamma sai ya shigo, ya tsaya kan tarkacen ya tafa hannu.

"Bawana, ya mai jiki? Ya ɗan sha kunu kuwa yau?"

Wani dattijon makanike na samo daga Tudun Wada, wanda ya yi zamani da irin waɗannan injuna. Ranar Asabar yake zuwa. Shi ya sa aka kira mai walda har gida aka miƙe ƙashin bayan. Kayan gyara kuwa sun wahalar da ni. Na zagaye Sabon Gari, na je Kaduna, ko'ina sai a juya abin a hannu a ce rabon da a ga irinsa tun ana yara. Fitilar a shagon wani mai gyaran rediyo na same ta, ya maishe ta mazubin kusoshi. Sirdin kuma wani baduku na unguwarmu ya ɗinka da jar fata, har da 'yar kwalliya a gefe wadda ban ce ya yi ba.

Damina ta zo ta wuce muna abu ɗaya. Hannuwana suka yi baƙi, ɗalibaina suka fara tambaya ko na canza sana'a. Sannu a hankali dai abu ya tashi tsaye a kan tayoyinsa, aka fesa masa jan fenti, sai ga babur kamar a hoto.

Ranar da ya fara tashi, dattijon ya yi bismilla ya buga kik. Shiru. Ya sake. A bugu na gaba sai gidan ya ɗauka da wata ƙara, kaji suka haye rufin kicin, akuyar Inna, mahaifiyata, ta tsinke igiya. Inna ta fito da carbi a hannu tana salati. Ni kuwa ina tsaye cikin hayaƙi, bakina ya ƙi rufuwa.

Sai muka tura shi za mu fita, a nan murna ta tsaya. Babur ɗin da ya shigo a dunƙule yanzu ya miƙe, ya yi tsawo, ya ƙi karya kwanar soron nan. Muka cire madubai, muka kwance kan, muka ɗaga gindi, muka karkata shi. Ko alama. Taubashina ya zauna a ƙasa don dariya, har hularsa ta faɗi.

Na je na durƙusa gaban Inna.

"Inna, da za a ɗan sassaƙe gefen soron nan, ko da taki ɗaya ne..."

"Soron da kakanka ya gina da hannunsa? Amare sun shiga ta nan, gawawwaki sun fita ta nan, babu wanda ya ce ya yi masa kaɗan. Sai ƙarfenka?"

Na koma wurin makanike na ce mu sauke injin, mu sake haɗawa a waje. Ya tattara sifanunsa cikin jaka.

"Malam, da ƙyar na samu injin nan ya zauna daidai. Wanda ya sauke shi, shi zai mayar."

Taubashin nawa ne ya kawo shawara, bayan ya gama share hawaye. Katangar bayan rumfata lungu take kallo, ya ce ta kanta za a fitar da babur ɗin. Washegari bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa ya tare majiya ƙarfi, yana ce musu a zo a taimaka, za a fitar da mara lafiya. Aka zuƙe man tanki, aka kawo igiyoyi da katakai, aka shimfiɗa tsohuwar katifa a kan katangar saboda Inna ta ce in ƙasa ta zube ko ƙwaya ɗaya, ni da babur duk mu nemi wani gidan. Wasu na turawa daga ciki, wasu na ja daga waje. Shi kuwa uban shawarar yana gefe da rigarsa fes, yana ta "ku ɗaga, ku sassauta," ko yatsa bai sa ba.

Akwai lokacin da babur ya tsaya cak a saman katanga, jajir cikin rana, matan maƙwabta duk sun leƙo. Wani tsoho da ke wucewa ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah," ya ci gaba da tafiyarsa. Da tayoyin suka taɓa ƙasan lungu aka ɗauki kabbara.

Hawan farko da babbar riga na yi shi, kuskure ne babba. Babur ɗin ba ya yarda ka zauna a miƙe, sai ka kwanta kan tanki kamar mai leƙen rijiya. Taubashina ya ɗare baya ba tare da an gayyace shi ba. Muna fita ƙofar gari na ɗan murɗa, iska ta cika rigar ta lulluɓe masa fuska, sai ihu yake daga ciki:

"Yaya! Yaya, don Allah a hankali!"

Tunda muke bai taɓa kira na Yaya ba. Na ƙara murɗawa kaɗan don in sake ji.

Da muka dawo magariba ta kusa, sai a lokacin na tuna babur ɗin ba shi da hanyar komawa cikin gida. Tun daga ranar a shagon telan yake kwana, tsakanin keken ɗinki da bandiran shadda. Da safe in na je ɗauka sai in tarar an goge shi tas. Masu kawo ɗinki kuma sukan tsayar da ni a hanya su ce ai tela yana da kirki, kullum sai ya ara mini babur ɗinsa.