Shirun da Baba Ya Bar wa Gwaggo

A damina ta uku da fara yaƙi aka rufe kiran murya da na hoto a manhajar da muke magana da 'yan uwa na nesa. Hukumar da ke kula da sadarwa ce ta sanar, ta ce saboda tsaro ne. Saƙon rubutu da saƙon murya kuwa an bar su. Na karanta sanarwar a ƙofar gidanmu a Gadarif, na sake karantawa, don ni ba na yarda da karatu ɗaya. A jami'a fannin sadarwa na yi, ko da yake ban taɓa samun aiki da shi ba, koyarwa nake yi a wata makarantar unguwa. Saboda haka na fahimci dalilin, ko in ce na fahimci abin da aka ce shi ne dalilin. Ba zan iya rantsuwa cewa matakin bai ceci ran kowa ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da ya faru a gidanmu.

Baba yana da yaya mace guda, Gwaggo, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Aure ya kai ta wani gari can yamma. Mijin ya rasu, yaƙi ya watsa 'ya'yanta, ita kuma ta ce ba ta tashi. Tun farkon faɗan layin waya ya mutu a garin. Abin da ya rage shi ne wani mai shago a kasuwa da ya kafa farantin tauraron ɗan Adam a kan rufinsa. Ranar kasuwa wata maƙwabciyarta, Balarabiya, takan ɗora ta a keken jaki ta kai ta shagon, mai shagon ya kira lambata, ni kuma in miƙa wa Baba.

In ka saurari hirarsu sai ka ce babu komai a ciki. Gaisuwa ce tun daga farko har ƙarshe.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau, Auta. Har yanzu kana raye?"

"Ina nan. Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana gaishe ka. Ya riɗin Simsim, ko bana ma tsuntsaye ka noma wa?"

Baba mai furfura, wanda yake tsawata wa ma'aikata a gonarsa da ke yankin Simsim, sai ya yi dariya har hularsa ta karkace. Babu wanda ya rage a duniya da yake ce masa Auta sai ita.

Kowa ya san akwai wata manhaja da ake sawa a zagaye toshewar. Na faɗa wa Baba. Sai ya ce, "A hanyar Simsim ana tsayar da mota a duba waya. Mu da ake tambayar asalin kakanninmu kafin a ba mu takardar zama ɗan ƙasa, ba mu ne za mu fara taka abin da hukuma ta hana ba." Ban yi masa gardama ba. Ni ma tsoron nake ji, kuma har yau ban san takamaimai ko sa manhajar laifi ne ba. Na tambayi mutane da dama, kowa da abin da ya ce.

Sai muka koma saƙon murya. Na zaunar da Baba a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, na ce ga wuri na danna, ya yi magana. Ya gyara zama ya ce, "Yaya, ina kwana?" Ya yi shiru. Na yi masa alama da hannu ya ci gaba. Ya harare ni. Can ya ce, "Madalla. Ya ƙafa?" Ya sake yin shiru. Haka ya yi ta yi har ƙarshe, kowace tambaya da shirunta. Da na ce masa ba a buƙatar wannan, sai ya ce, "Kai da karatunka, haka kake gaida na gaba da kai? Ka yi ta zuba ba ka bar masa wurin amsawa ba?"

Ranar kasuwa amsa ta zo. Hayaniyar mutane, kukan jaki, sai muryar Gwaggo: "To. Allah ya yi albarka." Shi ke nan.

Baba ya juya wayar yana duba bayanta. Mako na gaba ma haka aka yi. Ya daina yi mini zancen, amma na ga ya bar shayinsa ya huce. Wata rana ina jinsa yana cewa shi kaɗai, "Ko na yi mata wani abu ne?"

Na aika wa mai shagon saƙo da Larabci ina tambaya, da ban haƙuri mai yawa, don na san ba aikinsa ba ne. Ya amsa yana dariya. "Ya ustaz, wallahi hajiyar nan tun da na kunna mata take magana. Shi ya faɗa, ita ta amsa, ta yi dariya, ta nuna wayar da yatsa. In ya ƙare na danna mata na ce to hajiya yi magana, sai ta ce ai ta gama."

Ashe a cikin shirun da Baba yake bari take amsawa, lokacin da wayar ba ta ɗaukar komai. Na roƙi mai shagon ya samo waya ta biyu ya riƙa ɗaukar su tare. Ya ce in sha Allahu, amma in sani mutane layi suke yi a kansa, kuma wayar tasa ɗaya ce. Ba na ganin laifinsa. Na sa Baba ya yi mata bayani da bakinsa, cewa ta jira ya gama tukuna ta maimaita. Wannan karon amsar ta fi tsawo: "Auta, in na amsa maka sau ɗaya ya isa. In zauna cikin kasuwa ina gaida ƙarfe, a ce tsohuwa ta zare?" Baba ya ji daɗin wannan faɗan ƙwarai. Ya sa na kunna masa ya fi a ƙirga.

Daga nan ya saki ransa. Ya san tana amsawa, ko da shi ba ya ji. Ya tafi Simsim cire ciyawa, ya riƙa aiko mini saƙo daga wayar direban tarakta in tura mata.

Wajen ƙarshen damina maƙwabciyar ta sa mai shagon ya gaya mini jikin Gwaggo ya yi tsanani. Ba ta cin abinci, da ƙyar take zama. Za su kawo ta kasuwa mai zuwa don ta nace, amma kada mu sa ran wata bayan wannan. Na aika wa Baba. Hanya ta lalace, baƙar lakar nan tamu ta riƙe motoci, ya iso gida da taɓo har gwiwa.

A wajenmu in rabuwa ta zo ana neman gafara, ko babu wani laifi da aka sani. Ƙarami ya ce a yafe masa, babba ya ce ya yafe, a ji da kunne. Baba ya ce mini, "Sa abin nan naka." Na sa manhajar zagaye toshewar. Ranar kasuwar hadari ya rufe gari, shabaka, wato layin sadarwa, ta yi rauni. Kiran ya shiga ya yanke, ya shiga ya yanke. Sau ɗaya muka ji kamar muryar mutum daga cikin rijiya. Wataƙila da na sa manhajar tun da wuri da na koyi wadda ta fi riƙewa, wataƙila kuma babu abin da zai canza. Mai shagon ya rubuto cewa tsohuwar ba za ta iya daɗewa a zaune ba, mu aiko saƙo.

Baba ya cire hularsa. Ya gaishe ta kamar kullum. Sannan ya ce, "Yaya, ke kika goye ni. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini." Ya yi shiru. Ina jin kuka ne ya taso masa ya so ya danne, don sai ya ce da sauri, "Ruwa kam bana mun samu."

Amsar da ta dawo numfashi ne mai nauyi, sannan a hankali: "Auta. Ka ji ai."

Kafin wata kasuwar ta rasu.

Bayan an share makoki na tambayi mai shagon abin da ta ce a wurin. Ya yi mini ta'aziyya mai kyau, ya ce shi ba ya jin yarenmu. Ta yi magana, hawaye na zuba, amma muryar ta yi ƙasa sosai. Maƙwabciyar ma ba ta jin Hausa. Na ce wa Baba zan iya faɗa wa mai shagon kalmar yafiya a yarenmu, in tambaye shi ko ita ya ji. Ya ce, "Zai ce e don ya ji tausayinmu. Kada ka sa wa bawan Allah magana a baki."

Limaminmu ya ce masa wadda ta goye ka ba ta tafiya da kai a zuciya. Baba ya yi godiya. Ba ya shakkar zuciyarta. Damuwarsa ita ce a ƙarshe maganarta ta yi nauyi, kalma ɗaya sai ta huta, shi kuma ya yi gaggawar kawo zancen ruwa.

Ranar da zai koma Simsim yankan riɗi, da jakarsa a kafaɗa, ya ce in kunna masa saƙon nasa. Muka tsaya a zaure muna sauraron muryarsa. Da aka zo wurin shirun sai na ga leɓensa yana motsi, yana faɗin amsar a hankali, yadda mara lafiya zai faɗe ta. Yana cikin faɗa zancen ruwa ya shigo. Ya ce in mayar. Wannan karon ya ɗan yi sauri, ya gama kafin muryarsa ta dawo.

"Ya ishe ta?" ya tambaye ni.

Na ce, "In ta fara da wuri, Baba, ya isa."

Ya gyaɗa kai, ya gyara jakarsa, ya fita neman mota.