Ƙafata da jar kazar da aka musanya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu cigiyata tun damina, ku yi haƙuri da shiruna. Ƙafa ce ta kwantar da ni.

Santsi ya kwashe ni a bakin rijiyar gidanmu a Morai, ƙaurina na hagu ya karye. Ɗana ya ce a tafi asibitin Mafara. Yayata Hajo ta ce likita yanka kawai ya sani, ta sa aka kira wani mai ɗori daga wajen Bakura.

Ba zan ɗauki alhakinsa ba, hannunsa da taushi, bakinsa da daɗi. Ya ɗaure ƙafar da karare, sannan ya karya ƙafar jar kazata, ita ma ya ɗaure. Ya ce ranar da ta taka, ni ma zan taka. Zuciyata ba ta kwanta ba, don malamanmu ba su koya mana haka ba, amma na bar shi ya yi.

Ƙafa ta kumbura, yatsu suka fara duhu. Salla sai a kwance.

Duk lokacin da na yi kuka, sai Yaya ta ɗaga labule ta nuna mini kazar tana ɗingishi a tsakar gida, ta ce sauƙi na tafe.

Wata magariba kajina suka shige akurki, ita kuwa tana ta zagaye, ba ta san ƙofa ba. Na kira Yaya na haɗa ta da Allah.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Taki ta mutu tun tuni. Tsoro munka ji kada hankalinki ya tashi, sai munka sawo wata, mai ɗorin ya ɗaure."

Wadda ta goye ni ke nan. Tana jin warin ƙafata kullum.

Washegari ɗana ya kai ni asibiti. Layi, gwajin jini, hoto. Likitan ba mai doguwar gaisuwa ba ne, amma ya ɗaga hoton ya nuna mini yadda ƙashin ya goce, ɗaurin kuma ya tare jini.

Ya ce, "Inna, da kin ƙara jinkiri, ba maganar yatsu za mu yi ba."

Aka tura ni Gusau, aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Na rasa yatsu biyu, tumakina kuma suka tafi a magani.

Yau ina takawa da sanda, goshina yana kaiwa ƙasa. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa ɗana da ma'aikatan jinya da duk wanda ya yi mini addu'a.

Yaya tana zuwa da fura, ina karɓa, muna gaisawa. Na yafe mata, zuciyar dai ba ta gama bina ba.

In karaya ta same ku, a fara ɗaukar hoto. In ɗauri ya sa yatsu sanyi ko duhu, a garzaya asibiti. Ku kuma masu jinya, don Allah ku faɗa wa majinyaci gaskiya. Ƙafar tasa ce.