Huda Takwas a Soron Gwaggo Delu

Har yau ban manta da ranar Larabar da na huda soron Gwaggo Delu ba, kuma duk sanda aka kawo mini sababbin masu koyon aiki sai na ba su labarin, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Shekara uku ke nan. Lokacin ni ce shugabar ayarin da ke haɗa sola a Karaye da Rogo, mu huɗu, ni da maza uku. Sama da ni akwai injiniya a ofishinmu na Kano, shi ke sa hannu kafin a fito da kaya.

Ga wanda bai san tsarin ba, kafin a ɗora faifan sola a kan gini sai shugaban ayari ya je ya duba wurin ya cike takarda: ina kudu take, ko akwai bishiyar da za ta yi inuwa, sannan wane irin rufi ne. A gurbin rufi zaɓi biyu ne kawai a takardarmu, kwano ko kankare. Wanda ka zaɓa shi ke nuna irin ƙafafun ƙarfe da kusoshin da za a aiko maka.

Aikin a wani ƙauye ne kusa da Ruwan Bago, ƙarshen Afrilu. Matan ƙauyen suna da ƙungiyar masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, Gwaggo Delu ce shugabarsu. A gidanta akwai ɗakin da suke ajiye irin gyaɗar da za su shuka, kowace da buhunta da alamarta. A kansa aka ce a ɗora faifai huɗu, don fitila da ƙaramin injin niƙa. Soron ƙasa ne, azara da asabari, ƙasa a sama, an shafe da makuba. Na hau, na buga ƙafa, na ji tauri. Na duba takarda. Tunda ba kwano ba ne, sai na sa alama a kankare. Ban kira injiniya ba, don ba na son a ce mace ta kasa cike takarda.

Ranar aiki, an aika wa maƙwabta cewa maza za su hau soro, mun jingina tsani, sai ga wani dattijo da sanda. Baba Sule ne, maginin da ya gina ɗakin. Muka gaisa har ya tambayi mutanen Karaye, sannan ya tambayi abin da za mu yi da injin huda. Da na gaya masa, ya ce in aka huda makuba ruwa ya sami hanya ke nan. Ya ce duk shekara kafin damina yana hawa ya sake yaɓe, in muka kwantar da gilasai a kai ta ina zai zura hannu? Ya ƙara da cewa ruwan da zai gangaro daga gilashi a layi ɗaya zai riƙa zuba, zai haƙe ƙasar kafin ya kai indararo. Ya nuna bangon kudu da sandarsa, ya ce ko za a duba can.

Ma'aikatana suna saman soro suna kallona. Na ce, “Baba, wannan aikin ba na laka ba ne, na karatu ne. Ka matsa kada waya ta taɓa ka.”

Ya sauke sandarsa. Ya matsa. Ni kuwa da na faɗi wannan maganar, sai da na kai shekara talatin da huɗu kafin na iya rubuta sunana, a ajin yaƙi da jahilci. Na san zafin a ce maka ba ka yi karatu ba a gaban mutane, don na sha shi a asibiti da tasha. Amma na samu takarda a hannu, na ɗora wa tsoho abin da aka ɗora mini. Muka yi huda takwas, muka cusa kusoshi, muka toshe da danƙon da ake toshe kankare. Fitila ta kama, mata suka yi guɗa, na hau babur na koma gida.

Ruwan farko ya sauka a tsakiyar Mayu, ya sake sauka washegari. Ɗakin a kulle yake, ba wanda ya buɗe sai rana ta uku. Gwaggo Delu ta kira ni a waya, ta gaishe ni da kyau, ta ce in na sami sarari in zo.

Na tarar da tsakar gidan cike da tabarmi, an baje gyaɗa, mata suna tsince mai kyau daga wadda ta yi baƙi. Wata ma ta fara tsiro. A cikin ɗakin ƙasa ta zubo daga sama ta wuri uku, ina hango haske ta gefen kusoshina. Buhu huɗu sun lalace, saura kwana kaɗan a fara shuka.

Gwaggo ta ce, “Malama Hajara, sannu da hanya. A kawo mata ruwa.”

Wata mai suna Ladi, wadda buhunta ne a ƙasa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Gwaggo, bar shi. Ai ita ta san hanyar kawo ruwa.”

Ba wadda ta yi dariya. Na tuɓe takalmi na durƙusa na shiga tsinta, ba wadda ta ce in bari, ba wadda ta matsa mini wuri.

Daga baya na kira injiniya na gaya masa. Ya ce in rubuta a rahoto cewa ginin tsoho ne, dama rufin ya gaji. Na ce, “Ranka ya daɗe, rufin nan lafiyarsa ƙalau kafin in hau. Ni na rubuta kankare, kuma maginin ya gaya mini na kore shi.” Ya ce to in rubuta haka, amma in sani takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina. Ta shiga, tana nan har yanzu.

Zuwa wurin Baba Sule ya fi takardar nauyi. Na same shi a zaure yana gyaran kwando. Na durƙusa na ce ya yafe mini, na zo ne ya nuna mini yadda za a yi. Ya daɗe yana gyaransa, sannan ya ce, “'Yar nan, ni ban yi karatu ba fa. Kada waya ta taɓa ni.” Na ce na ji, na cancanci fiye da haka. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

Kwana biyu muka yi. Muka sauke faifan, ya toshe hudar ya sake yaɓe. A bangon kudu ya nuna inda zai ɗauki nauyi, ya dasa gungumen azara a ciki, muka kafa ginshiƙan ƙarfe biyu a ƙasa, faifan suka zama rumfa a bakin ƙofa. Wuta ta ma fi ta da, don iska na ratsawa ta ƙasa, kuma mace tana iya goge su daga tsaye ba sai namiji ya hau ba.

Irin kam bai dawo ba. Matan suka haɗa wa huɗun da buhunsu ya lalace kwano-kwano daga nasu, ni ma na kawo abin da na samu a Karaye, amma bai isa ba. Da na wuce ta gonar Ladi a watan Agusta, rabi gyaɗa ce, rabi wake ta zuba don kada ta bar fili. Ta hango ni ta ɗaga hannu. Na kasa tsayawa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, faifai da batir za ku koya cikin wata shida. Amma faifan a kan ginin wani yake zama, kuma a ƙarƙashinsa akwai abincin mutane na shekara. In kun je ƙauye, kafin ku jingina tsani ku tambaya wa ya gina ɗakin, ku aika a kira shi, ku ba shi kujera. In takarda ba ta da gurbin abin da kuka gani da idonku, ku bar ta fanko ku ɗauki waya.