Maidaji da Babbar Lakwal ta Yamai

Idan ɗari ya shigo, an gama kai hatsi rumbu, kakata Hajo kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta a Tabla, mu kewaye ta muna gasa gujiya. Yawanci labarin Gizo ne ko na kura. Amma wata ran sai ta ce, "Ta yau ba ta dabbobi ba ce, ta gidanmu ce." Daga nan mun san zancen wanta Maidaji za mu ji.

Ubansu maƙeri ne. Da Nasara suka zauna Filinge, kwamanda ya ce kowane gari ya kawo yara lakwal, wato makarantar boko. Mai gari ya ɗauki Maidaji, lokacin bai jima da fara zuga wa ubansa wuta ba. Yaron ya kama karatu da sauri. Da ya gama azuzuwan Filinge, mushensu, wato malamin lakwal ɗin, ya ce kai irin wannan bai kamata ya ƙare a bakin wuta ba, a tura shi babbar lakwal ta Yamai inda ake fitar da akawu da tafinta. Uban ya tako a ƙasa har Filinge. Ya ce idonsa ya fara rauni, a bar masa ɗansa ya koyi ƙira tun yana iya nuna masa. Kwamanda ya goyi bayan mushe.

Maidaji ya yi shekaru a Yamai. A jarrabawar ƙarshe ya faɗi, aka sallame shi. Ya dawo ya tarar uban ya rasu, maƙerar tana hannun ɗan baffansa. Ga Faransanci a baki, babu mai bukatarsa a Tabla, hannu kuma bai san guduma ba. Da gemunsa ya koma zuga, sannu a hankali har ya iya ƙera gatari da lauje daidai gwargwado. Da wannan ya ciyar da iyalinsa har ya mutu.

Mukan tambaye ta wa ke da laifi. Sai ta gyara wuta ta ce, "Mushe shina son shi, baba ma shina son shi. Ku tashi ku kwanta."

Yau ni ma koyarwa nake yi a wani kwaleji. Ƙarshen shekara mukan zauna mu raba yara, waɗannan su wuce lise, wato babbar sakandare, waɗancan makarantar sana'a, iyaye na jira a waje kowa da abin da yake so. A wurin wannan zaman na fara lura cewa a labarin Kaka kowa ya yi magana, mushe da uba da kwamanda, ban da Maidaji. Ba mantawa ta yi ba. Babu wanda ya tambaye shi.