Waƙoƙi Bakwai da Ka Bari a Kwamfutata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mawaƙin da na yi shekara goma sha shida ina haɗa wa sauti, wanda na saba kira Yaya. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi wata biyar.

Yaya, ba a kai ga yi maka sutura ba hotonka ya cika wayoyin mutane. Kowa ya ɗora shi da waƙarka a ƙasa, har da alamar hawaye. Na saurari fiye da ashirin, kuma ni na haɗa sautin nan, na san asali na san na sata. Duk na sata ne, har da muryar mai shafin da ya kwasa yana tallar kansa a tsakiyar baiti. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Na tuna ranar da ka ja ni kasuwa, rumfar wani mai tura waƙoƙi a waya. Ka miƙa masa memori ka ce ya zuba maka waƙoƙinka, bai gane ka ba. Ya zuba arba'in a kuɗin da bai kai na katin waya ba, yana cewa, “Ai wannan mawaƙin ya gama kuɗi, ba zai ma ji a jikinsa ba.” A kan tsohon babur ɗina muka je. Na ɗauka za ka kira masa hukuma. Sai ka ja benci ka zauna, ka gaya masa ko kai wane ne, ka nuna masa shafin da ake saye da yadda shi ma zai ci riba ta halal. Mutumin nan shi ya riƙe gaban makararka, kuma shi kaɗai na ga yana kuka babu waya a hannunsa.

Wasu sun ce kai marowaci ne. Ƙarya suke yi. Ƙofar situdiyonmu ba ta taɓa rufuwa ga mai son ji ba. Dogon bencin nan na bakin taga ka saye shi ne don wanda ba shi da ko sisi ya zo ya zauna, in kunna masa abin da yake so har ya gaji. Direbobi sun zauna a kai, teloli sun zauna, har da tsohuwar nan mai shara da ke sa a maimaita mata waƙa ɗaya sau huɗu. Abin da kake cewa kullum shi ne, “Ji kyauta ne, ɗauka kuwa sai an biya.”

Kwana uku da rasuwarka, mai shafin nan da muryarsa ke cikin waƙoƙinka ya zo gaisuwa, da farar riga sai ƙamshi yake. Ya ji labarin waƙoƙi bakwai da ka naɗa kafin ciwo ya ci ƙarfinka, waɗanda babu wanda ya taɓa ji sai ni da mai ɗakinka. Ya sunkuyar da kai ya ce, “A ba ni in sake su kyauta, su zama sadaka, lada ya riƙa isar masa.” Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ga shi yanzu har lada yake rabawa.

Kafin in buɗe baki, mai ɗakinka ta amsa daga bayan labule: “Malam, da ka san hanyar gidan nan, me ya hana ka zuwa lokacin da muke sayar da firji don wankin ƙoda?” Bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Waƙoƙin nan bakwai su ne gadon 'ya'yanka mata biyu. Ba ka bar gida ba, ba ka bar fili ba. Zan gama haɗa su yadda kake so, ganga a ƙasa, murya a sama, in ɗora su a shafin saye da sunan mahaifiyarsu. Wanda ba shi da hali, benci yana nan, ya zo ya zauna. Na san kafin awa guda wani zai kwafe ya watsa, ba ni da ƙarfin hana shi. To a sata. Amma da sunan sata za a ɗauka, ba zan miƙa da hannuna a kira shi sadaka ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Masu hawaye a waya kuma, Allah Ya ba ku ikon biyan marayu haƙƙinsu.