Mai-Ƙaya da Shanunta Huɗu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai fitar da ɗanyen tsiro daga busasshiyar ƙasa, Mai ciyar da dabbar da ba ta san ajiya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wannan labarin wata baiwar Allah ne da maƙwabta ke kira Mai-Ƙaya, domin ba a taɓa ganin hannuwanta babu karce ba. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu, da shanu huɗu, da ƙaramar gona wadda rabinta makiyaya ce. Da nonon shanun nan take riƙe gidan. Sai dai kowace shekara ciyawa kan ƙare tun ruwa bai sauka ba, shanun su rame har haƙarƙarinsu ya fito.

Ƙanin mijinta, mutumin kirki mai tsinin baki, ya sha ce mata, "Matar yaya, filin nan ba zai riƙe huɗu ba. Ki sayar tun suna da nama."

Ita kuwa idonta na kan wani tsohon gawo a bakin gonar, wanda yake yin ganye da 'ya'ya a tsakiyar rani, shanu suna rububin abin da ya zubo. Ta lura cewa ƙwayar da ta bi ta cikin dabba ita ce mai saurin tsirowa. Saboda haka ta riƙa tsintarta daga kashin shanu, ta rene ta a fasassun tukwane, damina na kamawa ta dasa talatin a cikin makiyayar. Ta saki shanun kamar kullum. Kafin hantsi sun cinye su ƙaf.

"Sannu da walima!" in ji ƙanin mijin. "An gayyaci shanu, ni an manta da ni."

"Kai ko an gayyace ka, baki kawai za ka kawo," in ji ta.

Ta yi kukanta a ɗaki, ta sake shiri, ta yi wani dashen. Kowane tsiro ta kewaye shi da ƙaya har tsayin ƙirji. Ta raba makiyayar uku da igiya, shanu su ci sashe ɗaya, biyu su huta. Shekara takwas tana gyaran ƙaya, tana kai ruwa da tulu.

Sai Allah Ya kawo shekarar fari. Ciyawa ta ƙone, mutane suka shiga rabuwa da dabbobinsu. Wata safiya ƙanin mijin ya iso tare da mahauci, igiya a kafaɗarsa. "Yau kam babu gardama, matar yaya. Gara ki rasa biyu da ki rasa duka."

Ta ja su zuwa makiyayar. Ta ɗauki doguwar sandarta mai ƙugiya, ta yi bisimilla, ta girgiza reshen ɗaya daga cikin itatuwan da ta dasa. 'Ya'yan gawo suka zubo fal ƙasa, shanun suka taso daga inuwa da sassarfa. Mahauci ya shafa ƙugun ɗaya, ya ƙirga itatuwan da ido, ya naɗe igiyarsa. "Malam, ka tayar da ni a banza. Mai irin waɗannan ba ta sayarwa."

Ƙanin mijin ya daɗe yana sosa ƙeya. "Matar yaya, ni ma fa ina da shanu biyu, da ƙyar suke tashi."

"Kawo su," in ji ta. "Amma akwai sabon dashe. Gobe ka zo, ƙaya na jiranka."

Ya zo kuwa, hannuwansa suka sha karce. Shanu shida suka ga damina a wannan fili, babu wadda ta faɗi.

Ta rasu da tsufa, itatuwan suna nan, jikokinta na tatsa a ƙarƙashinsu. Allah Ya jiƙan ta, Ya sanyaya makwancinta, Ya sa ta a inuwar rahamarSa kamar yadda ta yi wa dabbobi inuwa. Amin.