Cigiyar Fuskar Mahaifina a Riyad

In faɗa muku tun da wuri, wawan labarin nan ni ne, da shekara saba'in da biyu da ilimin aji huɗu.

Mahaifina, Malam Tanko, ya tafi Makka a ƙasa ina goye. Bai dawo ba, bai bar hoto ba. Kwatsam 'yata Uwani, likitar ƙashin fuska a Riyad, ta turo mini hoto a waya. Wai wasu Turawa ne jirgin ruwansu ya maƙale a ƙanƙara can ƙarshen duniya tun zamanin kakanni, aka tsinci ƙoƙon kan ɗayansu, aka mayar masa da fuska. Na ce ashe ana yi! Nan take na ɗaura niyyar Riyad, a yi wa mahaifina haka.

Malumfashi zuwa Kano

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame asuba, na shiga mota. Shinge uku muka wuce. Direba ya ce, "Baba, Umara za a?" Na ce, "Bincike."

Cikin jirgi

Gajimare fari fat a ƙarƙashinmu, kamar ƙanƙarar nan. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na hango wani dogo da sanda da gora yana tafiya a kai, ya ba ni baya. Na yi ta kira, bai waiwayo ba.

Unguwar Shumaisi, Riyad

Uwani ta buɗe kwamfuta. Ƙashi tsirara, sai nama ya hau, sai fata, sai ga Bature yana kallona kamar wanda aka tasa daga barci.

"Saura kakanki," na ce.

"Baba, ina ƙashin? Ko akwai ma, wa zai tone shi?"

"Yi da kwatance."

"Kwatancen wa? Ka taɓa ganinsa?"

Ran nan shinkafar kabsa ba ta ciwu ba.

Unguwar Jaradiya

Ran Juma'a bayan la'asar Uwani ta kai ni wurin wata tsohuwa, Hajiya Dije, wadda aka ce ayarinsu ɗaya da mahaifina tana 'yar shekara goma. Ina sa kai ta saki kofin gahawa.

"La'ilaha illallahu! Malam Tanko!"

Da ta natsu ta ce zazzaɓi ne ya ɗauke shi a bakin Bahar Maliya, yana ambaton jaririn da ya bari. Na share ido, na gyara murya irin ta masana.

"Iya, kwatanta wa likita hanci da goshi, a sa a inji. Kimiyya ce, ba lalle ki gane ba."

Ta ce, "Wane inji? Ka ɗauko fuskar mutum a wuyanka tun daga Malumfashi kana cigiya. Ke Uwani, ba ku da madubi a gidan ne?"